Muhawara: Daga ina dawa ke samo gubar da ke kashe shanu?

Malam Iro: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin kimiyya da ke cikinmu. Duk wanda ya tashi a karkara ya san idan saniya ta faɗa wa gyauron dawa, ko dawar da ba ta wuce gwiwa ba, musamman wadda fari ya taɓa, tana iya faɗuwa nan take ta mutu. Amma wannan dawar ce idan ta nuna muke tuwo da ita, karan dawar kuma shi shanun ke ci da rani ba abin da ke samunsu. To daga ina gubar take fitowa, kuma ina take tafiya? Wasu na cewa daga ƙasa take tsotso ta, wasu na cewa wani ƙwaro ne ke shiga cikin kara, wasu kuma sun ɗora wa takin zamani laifi.

Buba Makiyayi: Wa alaikumus salam Malam. Wannan ba laifin takin zamani ba ne kaɗai, domin tun kafin buhun taki ya iso rugarmu dattawanmu suke hana yara kai shanu kusa da gyauro. Saniyar da ta ci sai ka ga tana haki, miyau na zuba, tana tangaɗi kamar ƙafafun ba nata ba, jiki na rawa. Wani lokaci kafin yaro ya ruga ya kira babba ta riga ta kwanta. Mun fi jin tsoronsa idan ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, ganye ya yi yaushi, sannan aka sake samun yayyafi.

Dakta Bello: Abin da Buba ya kwatanta shi ne ainihin alamun gubar sayanayid. Idan aka yanka dabbar za a ga jinin ya yi ja wur fiye da yadda aka saba. Dalili kuwa jinin cike yake da iskar oksijin, amma sayanayid ya toshe hanyar da ƙwayoyin halittar jiki ke amfani da ita, sai dabba ta shaƙe alhali tana numfashi. Ku bambanta shi da gubar naitiret, wadda ita ma ake samu a dawar da fari ya kama: a can jinin baƙi-baƙi yake kamar ruwan cakulan, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Na sayanayid allura ce ta sodiyam tayosalfet, wani lokaci haɗe da sodiyam naitirait, ta jijiya, kuma likitan dabbobi ne zai yi, cikin gaggawa. Shawarar da muke bayarwa ita ce kada a bar dabba ta ci dawar da ba ta kai santimita 60 ba, idan kuma an yi fari, ko ta fi haka tsawo a yi hattara. Amma yadda shukar ke haɗa abin, wannan fagen Malama Hadiza ne.

Malama Hadiza: Na gode Dakta. Malam Iro, ba daga ƙasa take tsotso guba ba, babu kuma ƙwaron da ke kawo ta. Dawar ce da kanta take haɗa ta, daga kayan da ba su da wata illa. Ganye yana karɓar hasken rana da iskar kabon da ruwa ya yi sukari. Saiwa tana jawo naitirojin daga ƙasa. Da waɗannan biyun shuka ke gina amino asid, wato tubalan da ake yin furotin da su, irin waɗanda ke jikina da jikinka. Ɗaya daga cikinsu sunansa tayirosin.

To dawa tana ɗaukar wannan tayirosin ta bi da shi ta hannun enzayim guda uku, ɗaya bayan ɗaya. Enzayim wani furotin ne da aikinsa shi ne sauya wani sinadari zuwa wani, kowanne da aikin da ya iya shi kaɗai. Na farko da na biyu su ke sauya fasalin tayirosin har ya zama abin da ke riƙe da sayanayid a jikinsa. Na ukun sai ya liƙa masa ƙwayar sukari. Wannan sukarin shi ne sirrin abin gaba ɗaya, domin muddin yana liƙe, sinadarin ba ya cutar da shukar. Wuƙa ce a cikin kube. Sai ta adana shi a wani sashe na ganye, ta kuma adana wani enzayim na daban, mai cire sukarin, a wani sashen, ba sa haɗuwa. Ranar da haƙori ya tauna ganyen ya farfasa ƙwayoyinsa, sai su gauraya, sukari ya fita, sayanayid ya tashi. Saniya da tunkiya da akuya sun fi shiga haɗari saboda ƙwayoyin da ke cikin tumbinsu su ma suna taya warware sinadarin.

Fari ma yana lalata ƙwayoyin ganye, kuma shukar da ta tsaya ba ta girma gubar tana taruwa a ɗan ƙaramin jiki. Shi ya sa Buba ya ce sun fi tsoron lokacin yaushi.

Isuhu na Maraɗi: Malama, Allah shi ƙara sani. Ke nan taki ba ruwansa?

Malama Hadiza: Amin Malam Isuhu. Yana da hannu, amma ba shi ne tushe ba. Sinadarin da naitirojin ake gina shi, don haka gonar da aka zuba wa yuriya da yawa, dawarta ƙarama takan fi tara shi. Game da inda yake tafiya kuwa, idan dawa ta girma ba ta buƙatar wannan tsaron sosai, sai ta warware shi ta wata hanyar da ba ta sakin guba, ta mayar da naitirojin ɗin cikin ginin jikinta. Ƙwayar dawar da ta nuna ta bushe kusan babu shi a cikinta. Amma da zarar an jiƙa ta ta fara tsiro, sai aikin ya tashi sabo. Masu yin kunu da tsiron dawa su kula, a busar da shi sosai, a murje tsiron da saiwar a sheƙe, a kuma tafasa da kyau.

Nura: Bari in ƙara wani abu kan bayanin Malama. Masu bincike a Kofenhegin ta ƙasar Denmak, ƙarƙashin Farfesa Birger Møller, su suka gano waɗannan enzayim ukun da ƙwayoyin gadon da ke yin su, wato umarnin da shuka ke gada na yadda za ta haɗa su. A 2001 suka ɗauki ƙwayoyin gadon uku daga dawa suka saka a wata 'yar ciyawa mai suna Arabidofsis, wadda ba ta taɓa yin wannan sinadari ba. Ciyawar ta fara yin sa, kuma wani ƙaramin ƙwaro da ya saba cin ganyenta ya guje ta. Wannan ya tabbatar da abu biyu lokaci guda: ukun sun isa su yi aikin, kuma amfaninsa ga shuka kariya ce. Ba dawa kaɗai ba ce, an san tsirrai sama da iri 2,500 da ke yin irin wannan.

Maman Ummi: Sannunku da ƙoƙari. Ina karanta bayanin Malama sai rogo ya faɗo mini, don sana'ata ke nan a nan Lafiya, garin kwaki nake yi. Rogo mai ɗaci idan muka ɓare muka kai inji aka gurza, sai mu zuba a buhu mu ɗaure baki mu danne da manyan duwatsu. Wani farin ruwa ke tsiyaya, akuya ta sha shi sai dai wani ikon Allah. Bayan 'yan kwanaki ya yi tsami, mu tankaɗe mu soya a babban kasko. Wurin suyar nan idan rumfa ba ta shan iska, tururin na shiga ido, kai ya yi ta sarawa har dare. Shin abu ɗaya ne da na dawa, Malama?

Malama Hadiza: 'Yar uwa, 'yan gida ɗaya ne. Na rogo sunansa linamarin, shi kuma daga wani amino asid ɗin mai suna balin ake gina shi. Mafi yawansa a ganye ake haɗa shi sannan ya gangara cikin saiwa. Gurzawar da kuke yi ita ce ke haɗa shi da enzayim ɗinsa, matsewa ta fitar da wani kaso cikin ruwa, suya kuma ta kori sauran, don sayanayid yana zama tururi tun a zafin digiri 26 na ma'aunin Salshiyas. Ciwon kan da kike ji gubar ce kike shaƙa, don Allah ki buɗe rumfar nan ta sha iska, ki kuma hana yara zama kusa da kasko.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu gaggawa. Idan kasuwa ta yi kyau wasu sai su gurza yau su soya yau. A Kwango an san wata cuta mai suna konzo tun 1938, a Mozambik ma ta ɓarke lokacin farin 1981: ƙafafu su sandare farat ɗaya, kuma ba a warkewa. Tana kama mutanen da yunwa ta tilasta wa cin rogo mai ɗaci da ba a sarrafa da kyau ba, ga rashin nama da wake. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya ga garin rogo shi ne kada sayanayid ya wuce miligiram 10 a kilo ɗaya.

Ɗan Karofi: Ikon Allah. Ni marini ne, gadon gidanmu ne a Kano, kuma wannan maganar ta kube ta sa na tsaya. Ganyen baba kore ne shar, ka tsinke shi ka duba ba za ka ga shuɗi ko ɗigo ba. Sai an daka shi ya sha iska yake yin duhu. Idan muka zuba shi a rijiyar rini da toka da katsi muka bar shi ya kwana biyu yana ruɓa, sama sai ta yi kumfa mai ƙyalli kamar jan ƙarfe, amma ka kore kumfar ka duba ruwan, kore-kore ne mai ɗorawa. Ka tsoma farin zane ka ɗaga, zai fito kore, kana riƙe da shi kana kallo yana juyewa shuɗi a hannunka, daga gefe-gefe zuwa tsakiya. Haka za ka yi ta tsomawa kana ɗagawa har ya kai duhun da kake so. Mun iya aikin, amma dalilin ba wanda ya taɓa gaya mana.

Nura: Baba, hannunka ya riga littafi sanin abin. Baba tana haɗa wani sinadari mara launi mai suna indikan, shi ma da sukari liƙe a jikinsa. Dakan da kuke yi ke sa enzayim ya cire sukarin, abin da ya rage ya haɗu da iska, biyu-biyu su manne su zama shuni. Matsalar shuni ita ce ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. A nan tokar da ƙwayoyin bakteriya da ke cikin rijiyarku suke shigowa: suna mayar da shi wani fasali mai narkewa, wannan ruwan kore da ka ce. Ya ratsa cikin zare, ka ɗaga ya sha iska, ya koma shuni a can ciki, ba shi da hanyar fita. Marinar Ƙofar Mata da ake cewa an kafa tun 1498 ta yi ɗaruruwan shekaru tana wannan aiki kafin Bajamushe Adolf von Baeyer ya gano fasalin shuni a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da na masana'anta a 1897.

Ɗan Karofi: Wannan na kantin shi ya kashe mana kasuwa, ɗana. A da rawanin Buzaye daga Kura ake kai shi har Agadas.

Alhaji Tanko Mai Magani: Madalla. Yau dai 'yan boko da bakinsu sun yarda cewa itatuwa ne masu haɗa magani na gaskiya. Shi ya sa kullum nake cewa a koma ga saiwa da ganye. Abin da Allah ya fitar daga ƙasa ba zai zama ɗaya da abin da Bature ya dama a kwalba ba. Na gargajiya in bai yi maka magani ba, ba zai cuce ka ba.

Dakta Bello: Alhaji, ranka ya daɗe, jimlarka ta ƙarshe ba zan bar ta ta wuce ba, don akwai masu karantawa da za su ɗauka haka ne. Tun farkon zancen nan maganar ganyen da ke kashe saniya muke yi. Zaƙami ma a bayan gari yake fitowa ba wanda ya shuka shi, kuma kowa ya san yadda yake yi wa matasan da suka sha shi.

Alhaji Tanko Mai Magani: Dakta, wannan ai rashin sani ne. Wanda ya gaji sana'ar ya san wanda ake sha da wanda ake shafawa, ya san ma'auni. Ku kuma fa? Maganin zazzaɓin cizon sauron da kuke rubuta wa mutane yau ba daga tazargade aka samo shi ba? Kun ɗauki namu kun sa a kwali kun dawo kuna sayar mana.

Malama Hadiza: Alhaji, akwai gaskiya a maganarka, kuma ba na son a raina ta. Sinadarin da ke cikin wannan maganin, atimisinin, daga wata ciyawa ce dangin tazargade da ke fitowa a ƙasar Sin. Shukar tana haɗa shi a wasu 'yan ƙananan gashi da ke kan ganyenta. Wata mai bincike, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka ware shi a 1972, kuma daga tsofaffin rubuce-rubucen maganin gargajiyarsu ta samu haske cewa zafi na lalata shi. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Ilimin gargajiya ne ya nuna hanya, wannan babu musu.

Inda na saɓa maka shi ne ma'auni. Kai kana auna ganye, amma ba ka da hanyar auna abin da ke cikin ganyen. Kamar yadda dawar fari ta fi dawar ruwa guba, haka wannan ciyawar: iri, ƙasa, lokacin yanka da yadda aka busar duk suna sauya yawan sinadarin, wani ganye ya ninka wani sau goma ko fiye. Kuma abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan tazargade ba lallai ne ya zama irin na Sin ɗin ba. Yaro ya sha abin da bai isa ba, zazzaɓi ya lafa, ƙwayar cutar ba ta mutu ba, waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai. An riga an ga ƙwayar da ta fara jure wa atimisinin a Kambodiya, yanzu kuma a Ruwanda da Yuganda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da shayin ganyen ba.

Nura: Kuma Alhaji, sinadari bai san inda aka haife shi ba. Tun 1828 wani Bajamushe masanin kimiyya, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, ta fito daidai da wadda jikin mutum ke fitarwa a fitsari. Atimisinin ɗin ma an saka ƙwayoyin gadon ciyawar a cikin yis, irin na burodi, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ya riƙa yin sinadarin da ake ƙarasawa ya zama maganin. Kamfanin Sanofi ya fara yin sa ta wannan hanya a 2013.

Alhaji Tanko Mai Magani: Yaro, ka yi karatu, amma ganye ba sinadari ɗaya ne a cikinsa ba. Ku kun ciro ɗaya kun zubar da sauran. Ni ban yarda sauran a banza aka sa su ba.

Malama Hadiza: Ba a banza suke ba, Alhaji, kuma ana bincike a kansu. Abin da nake roƙo shi ne yaron da ke zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa a ba shi cikakken magani, kada a tsaya gwaji a kansa.

Malam Sabi'u: Ina bin ku tun ɗazu. Gyara ɗaya nake so a yi. Ana ta cewa dawa ta haɗa, baba ta adana, kamar su ke da dabarar. Ganye ba shi da hankali. Allah ne ya tsara masa.

Malama Hadiza: Haka ne Malam, Allah ya saka da alheri. Idan na ce dawa ta haɗa, kamar a ce ƙudan zuma ya yi zuma ne, ko saniya ta yi nono. Mu muna bin sawun yadda aka tsara abin ne, mataki bayan mataki.

Isuhu na Maraɗi: To Malama, in dai dawa na da wannan makami, me ya sa ƙuduji ke gama da ita? A wajenmu gonar hatsi da ta dawa duk sai ka ga jan fure ya rufe, amfanin ya tsaya bai wuce ƙugu ba.

Malama Hadiza: Wannan tambayar ta fi ta farko daɗi a wurina, don tana nuna cewa ba duk abin da shuka ke haɗawa ne makami ba. Wani kira ne. Idan ƙasa ta gaji, musamman ta rasa fosfaras, ɗaya daga cikin abincin shuka, saiwar dawa da gero da masara tana fitar da wani sinadari ɗan mitsitsi cikin ƙasa, ana kiran danginsa sitirigolakton. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna amfaninsa: yana kiran wani naman gwari mai amfani da ke zaune a ƙasa, ya zo ya manne wa saiwa, ya riƙa jawo mata fosfaras daga nesa ita kuma tana ba shi sukari. To irin ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, yana kwance a ƙasa yana jiran wannan kiran. Ƙanƙane ne kamar ƙura, ba shi da guzurin da zai rayu shi kaɗai, don haka ba ya tsirowa sai ya ji wannan sinadarin, alamar akwai saiwa kusa. Ya tsiro ya huda ta ya fara sha, tun kafin ka ga komai a sama ya riga ya yi ɓarna. Sayanayid ɗin ganye ba ya tsare wannan ƙofar.

Buba Makiyayi: Shi ya sa gonar da muka yi wa zaman shanu da rani ba ta cika yin sa ba ke nan.

Malama Hadiza: Ƙwarai, Buba. Ƙasa mai ƙarfi, saiwa ba ta yawan kira.

Isuhu na Maraɗi: Wanda ba shi da shanu fa, taki kuma ya yi tsada?

Nura: Akwai amfanin gona da saiwarsu ke fitar da irin wannan kiran amma ƙudujin dawa ba ya iya kama su, kamar auduga da waken soya da gyaɗa. A saiwar auduga ma aka fara gano sinadarin a 1966. Ka shuka su, irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Sai dai ba aikin damina ɗaya ba ne, Malam Isuhu, don tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Wanda ya fito kuma a tuge shi kafin furen ya yi 'ya'ya, a fitar da shi daga gonar a ƙone, kada a yar a kunya.

Isuhu na Maraɗi: Tugewar muna yi. Wahalar ita ce maƙwabcin da bai tuge nasa ba, iska da ruwa su kwaso su kawo maka. Zan kai maganar wurin mai gari kafin furen bana ya bushe, ko za a sa rana ɗaya kowa ya fita gonarsa.